Bayan Sakandare Sai Ina? Tambayoyi da Amsoshi ga Iyayen Matasa Masu Nakasa a Legas

Ƙanwata kurma ce. Sanƙarau ne ya tafi da jinta tana shekara 4, a nan Agege inda aka haife mu. Ranar da ta rubuta takardar ƙarshe ta WAEC, Inna ta soya waina ta raba wa maƙwabta, har da matar mai gidan da muke haya. Sati biyu bayan haka sai gida ya yi tsit. Babu tashin asuba don kama mota, babu malamar da ta iya maganar hannu, ƙawayen da take hira da su kowace ta koma unguwarsu. Shekara 2 cur ta yi a ɗaki tana kallon waya, kuma duk muna sonta, babu wanda ya ƙi ta. Abin da ya faru shi ne a tsawon karatunta ba mu taɓa zama mun ce "to, bayan nan fa?" ba.

Tun da ta samu hanya, iyaye kan tare ni a ƙofar masallaci ko wajen suna su yi mini tambayoyi. Waɗanda suka fi maimaituwa ne na tara a nan.

Yaushe ya kamata a fara shirin?

Daga aji uku na ƙaramar sakandare. In an makara, aji ɗaya na babbar sakandare. Ba a fafe gora ranar tafiya. A aji uku ne ake yanke ko yaro zai bi kimiyya, ko kasuwanci, ko adabi, ko kwalejin koyon sana'a, kuma wannan zaɓin yana rufe ƙofofi da yawa ba tare da iyaye sun lura ba.

A Amurka dokar ilimin yara masu nakasa ta wajabta wa makaranta ta sa tsarin rayuwar bayan makaranta a cikin takardar karatun ɗalibi da zarar ya kai shekara 16. Mu a nan, kada ka zauna jiran wani ya aiko maka da takardar gayyata zuwa irin wannan zama. Kai ne za ka je ka nemi malamin ajin, ka ce ka zo a yi maganar gaban yaronka.

Malam, me ake nufi da "shiri"? Ai komai na Allah ne.

Haka ne, kuma shi ya ce a tashi a nema. Shirin da nake nufi littafi ne na naira kaɗan da biro. A zauna da uba, da uwa, da malami ɗaya da ya san yaron sosai, da wani yaya ko ƙanen uba wanda zai daɗe a rayuwarsa. A rubuta abin da yaron ya iya yi da kansa yau, da abin da ake so ya iya nan da ƙarshen zango, da sunan wanda zai koya masa. Duk hutu a buɗe littafin a duba.

Amma mutum na farko a kan tabarmar shi ne yaron. Rashin sa shi a zaman shi ne kuskuren da ya fi yi mini ciwo in na tuna. Mun yanke wa ƙanwata ɗinki saboda kowa ya ce kurame sun iya ɗinki. Wata rana da daddare na same ta tana gyara hoton ɗan maƙwabcinmu a waya, ta cire masa bangon langa-langa ta sa masa fili mai ciyawa. Na taɓa kafaɗarta na tambaye ta da hannu wa ya koya mata. Ta nuna ƙirjinta. Sannan ta karɓi wayata ta rubuta: "Yaya, ba ka taɓa tambayata abin da nake so ba." Na kasa ce mata komai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa muna ta gyaran rufin da ba nan ne ke zuba ba.

Yaron da ba ya magana ma yana da amsa. A kai shi wurare, a ga inda fuskarsa ke sakewa da inda yake ƙosawa.

Waɗanne takardu ne za mu tanada kafin ya gama?

Takardar haihuwa, lambar NIN, katin zama ɗan Legas na LASRRA, da rahoton likita daga asibitin gwamnati wanda ya faɗi irin nakasar a fili. LASRRA na duk mazaunin jihar ne, ba sai Bayarabe ba, kuma yawancin shirye-shiryen tallafi na jiha suna tambayarsa. Daga nan a je ofishin LASODA, hukumar da dokar jihar ta 2011 ta kafa don harkokin masu nakasa, a yi masa rajista. Da ya cika 18 a buɗe masa asusun banki da sunansa, ya kuma yanki katin zaɓe.

Mu Hausawan Legas muna da ƙarin guda: takardar shaidar ƙaramar hukumar asali. Yaro an haife shi a Idi-Araba, bai taɓa kwana a garin kakansa ba, amma ranar shiga jami'a ko neman aikin gwamnatin tarayya sai an tambaye ta. A karɓo ta wani zuwa gida da sallah, tun ba a matse ba. Sannan a dubi sunan da ke kan kowace takarda harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ranar haihuwa iri biyu: irin wannan kan cinye wa mutum watanni, kuma ga mai keken guragu kowane "dawo gobe" kuɗin mota ne da wahalar yini guda.

Ɗana makaho ne. Yaya zai rubuta WAEC da JAMB?

Zai rubuta, kuma makafi suna rubutawa duk shekara. WAEC tana buga takardun tambaya da rubutun makafi na Birel, da manyan haruffa ga mai raunin gani, tana kuma ƙara lokaci. Amma sai an shaida mata tun wajen rajista. Je makarantar da kanka, ka ce a nuna maka inda aka cike cewa ɗanka yana da buƙata ta musamman. Kada ka yarda da "an yi". Na san yaron da aka ce wa ubansa an yi, ranar jarrabawa aka ajiye masa takarda irin ta kowa.

JAMB kuwa tun 2017 ta kafa wani rukuni, JEOG, ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, wanda ke shirya wa makafi da wasu masu nakasa jarrabawarsu a cibiyoyi na musamman, kuma Legas na cikin garuruwan da ake yi. Nan ma maganar ɗaya ce: a faɗi nakasar ranar cike fom. Ba a rajistar JAMB sai da NIN.

Shawarar da zan ƙara: kafin ya gama sakandare ya iya buga rubutu a kwamfuta da manhajar da ke karanta allo da murya. NVDA kyauta ce, wayoyin Android kuma suna zuwa da TalkBack. A jami'a babu mai buga masa kowane darasi da Birel. Wanda ya iya kwamfuta shi ke tsira da karatunsa.

Wace makaranta ce ta fi dacewa bayan nan?

Sunan makaranta ba ya hawa da kai bene. Ku je da ƙafarku kafin a cike fom, ko UNILAG ce a Akoka, ko LASU a Ojo, ko Yabatech. Ku ga ɗakin darasin sashen da yake so yana hawa na nawa, ku leƙa banɗakin ɗakin kwana, ku nemi ɗalibi mai irin nakasarsa ku tambaye shi yadda yake yi. Abin da wannan ɗalibin zai gaya muku cikin minti 10 ya fi duk abin da ke cikin takardar talla.

Ga kurma, tambayar ita ce tafinta. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman da ke garin Oyo, wadda ke aiki tun 1977, ta daɗe tana karɓar kurame da makafi da guragu, kuma ba ta da nisa sosai da Legas. Jami'ar Ilorin tana da cibiyar tallafa wa ɗalibai kurame. Mai son komawa Arewa, Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna da sashen ilimi na musamman. Wanda zirga-zirga ke yi wa wuya, jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyoyin karatu a Legas, yawancin karatun daga gida ne. Batun kuɗi, bashin karatu na NELFUND ya fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, sannan a bincika hukumar tallafin karatu ta jiharku ta asali.

Idan karatun boko bai karɓe shi ba fa?

To sai sana'a, kuma babu kunya a ciki. Rabin masu rufin asirin da na sani a Agege da hannunsu suka samu. Jihar Legas tana da kwalejojin koyon sana'a, akwai a Agidingbi da Ikotun da Ikorodu. Makafi suna da tsohuwar cibiyar koyon sana'a a Oshodi. Ga kuma koyo a shagon maigida, wanda shi muka fi sani: gyaran waya a kasuwar wayoyi ta Ikeja, ɗinki, aski, gyaran takalmi, aikin POS, riƙe littafin lissafi a rumfar dillali a Mile 12.

Abin lura shi ne yadda ake kai yaron. Kada a kai shi da sunan "a taimaka masa don Allah", domin wanda aka karɓa don tausayi kujera ake ba shi a gefe, ya shekara bai taɓa allura ba. A yi magana irin ta kowane ɗan koyo: shekara nawa, me zai iya a wata 6, nawa ne kuɗin koyo. Da muka kai ƙanwata shagon hoto da buga takardu, maigidan ya ce mini, "Malam, ni fa ban iya maganarsu ba." Na ce, "Alhaji, ka iya rubutu, ita ma ta iya." Aka rataya ƙaramin allo kusa da kwamfuta. Yau katunan biki da na suna duk ita ke tsarawa, yaran shagon kuma sun koyi alamar "shayi" da "an kawo wuta" da "kwastoma ya zo".

A fara gwaji tun yana makaranta, a dogon hutu. Wata 1 a shago yana nuna abin da shekara ta hasashe ba za ta nuna ba. In ya ƙware yana neman jari, asusun LSETF na jihar, wanda aka kafa a 2016, yana ba ƙananan masu sana'a bashi.

Ɗiyata tana da jinkirin fahimta, ko sunanta da ƙyar take rubutawa. Wannan maganar ta shafe mu?

Hajiya, ku ta fi shafa. Ga yaro mai galahanga ko jinkirin fahimta, manhajar ita ce rayuwa da kanta: wanka, wanki, kula da kai lokacin al'ada, dafa abu mai sauƙi, gane kuɗi da karɓar canji, faɗin sunan unguwa da lambar wayar mutum ɗaya. Kowanne a gutsuttsura shi ƙanana, a maimaita kullum a lokaci ɗaya. Abin da ɗan wani ya koya a sati, taki za ta iya ɗaukar wata 5, amma in ya zauna ya zauna.

Uwa ce kan fi shan wahalar wannan, domin yi mata ya fi sauri a kan koya mata. Sai dai duk abin da kika yi mata yau wanda za ta iya koya, wani ne zai yi mata shi gobe, kuma ba lallai ya yi da irin haƙurinki ba. A ba ta aiki na gaske a gida ko a shagon dangi, kamar ƙulla gyaɗa ko jera kaya, a kuma biya ta ko kaɗan ne, ta riƙe a hannunta. Gidauniyar masu lalurar Down da ke Legas da gidan Modupe Cole a Akoka sun daɗe a wannan aikin. Ziyara ɗaya za ta haɗa ki da iyaye irinki.

Hanyar Legas fa? Ni tsoron titi ne ya hana ni barinsa ya fita.

Tsoronka a kan hanya yake. Wanda ya taɓa tura keken guragu a gefen titin da kwata ta buɗe baki, ko ya ga yadda danfo ke tashi kafin ƙafar mutum ta gama shiga, ba zai yi maka dariya ba. Gadojin tsallaka titi da yawa matakala ce zalla.

Amma aiki da makaranta duk suna bayan wannan titin. Yadda muka yi shi ne hanya ɗaya tak, daga gida zuwa shago. Sati biyu ina tafiya kusa da ita. Sati biyu ina bin ta a baya da tazara, ita ke tsayar da mota, ita ke biya. Ranar da ta fara tafiya ita kaɗai, Inna ta kasa cin abinci har sai da saƙo ya shigo: "Na isa." Ta sa kati a jaka mai ɗauke da tashar da za ta sauka da lambata, an rubuta da Turanci da Yarbanci. Motar BRT da jirgin ƙasa sun fi danfo sauƙi domin suna da tasha tabbatacciya, ana kuma biya da katin Cowry ba sai an yi ciniki da kwandasta ba. Jirgin layin Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege. Makaho kuma ya koyi tafiya da farar sanda a hannun wanda ya san aikin. Jagoran da ke jan sa yau ƙaninsa ne, kuma shi ma yana da makarantar da ya kamata ya je.

Doka ta ce wani abu game da aiki?

Ta ce. Dokar tarayya ta hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta ba da ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Tarar nuna bambanci naira miliyan 1 ce ga kamfani, ga mutum kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Dokar Legas ta 2011 ta ce mai ma'aikata 100 zuwa sama ya ware aƙalla kashi 1 cikin 100.

Tsakanin takarda da aiki akwai tafiya. Na raka ƙanwata wani ofis da ya kira ta ganawa, wanda ke bakin tebur ya dube ni ya ce ai ba su san "haka take" ba, ko zama bai ce mu yi ba. Na fito raina a ɓace, ban rubuta komai ba, kuma na yi nadama. In ya faru da ku, ku rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa, ku kai wa LASODA ko Hukumar Masu Nakasa ta Ƙasa, ku sanar da JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa. Yaron ma ya shiga ƙungiyar masu irin nakasarsa tun yana makaranta. Labarin guraben aiki ta can ya fi yawo.

Dangi suna cewa a bar shi ya yi bara, ai ana samu.

Ana samu, ba zan yi ƙarya ba, wani lokacin fiye da ɗan koyo. Kuma ba na zagin dattawan da ke gidan mabarata na Oko-Baba a Ebute Metta ko bakin masallatai. Yawancinsu ba wanda ya taɓa ba su wata hanya. Amma yaron da ya yi shekara 12 a aji an ba shi. Gwamnatin Legas tana kamen mabarata a titi, dokar 2019 kuma ta haramta amfani da mai nakasa wajen bara. Mu da muke karanta Suratu Abasa mun san Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ya yi ladanci, Annabi (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa in zai yi tafiya. Wannan nake tuna wa dangi, kuma ban taɓa ganin wanda ya musa ba.

Mace ce. Ba gara a yi mata aure a huta ba?

Aure haƙƙinta ne in tana so, da wanda take so, kuma a tambaye ta ta hanyar da za ta gane. Abin da nake tsoro shi ne auren "a rufa mata asiri", inda ake miƙa ta ga wanda ya ɗauka alfarma ya yi. In auren ya mutu tana dawowa da 'ya'ya, ba sana'a. Sana'a tukuna, ko su tafi tare.

Akwai kuma maganar da ba ma son yi. Masu ɓata yara suna zaɓen wadda suke ganin ba za ta iya ba da labari ba. A koya wa mace da namiji sunayen sassan jikinsu, da wanda aka yarda ya taimaka musu a banɗaki, da cewa in wani ya taɓa su su faɗa, ba za a doke su ba. Iyayen kurame su koyi maganar hannun da ake koyarwa a makaranta, domin ta bambanta da alamun da muke yi a gida. Yarinyar da uwarta ba ta jin yarenta, wa za ta kai wa ƙara? In abu ya faru a tafi asibiti nan take. Cibiyar Mirabel, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, tana cikin asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, jihar kuma tana da hukumar DSVA mai yaƙi da fyaɗe da cin zarafi a gida.

Asibiti fa, da ya girma?

Kafin a sallame shi daga sashen yara, a karɓi takardar miƙawa zuwa sashen manya da taƙaitaccen tarihin ciwonsa. Mai farfaɗiya ko sikila ya san sunan maganinsa da lokacin sha da kansa. Ƙafar roba da takalmin gyara suna matsewa in jiki ya girma; asibitin ƙashi na Igbobi ne wurin dubawa.

Idan na mutu, wa zai riƙe shi?

Wannan ita ce tambayar da ake yi mini a ƙarshe, bayan an rage murya. Amsarta ba ta zuwa da kanta, sai an kira mutane an yi magana tun kana da ƙarfi. Kada ka ɗauka babban ɗanka ya sani. Ka tambaye shi, ka tambayi matarsa, domin ita za ta yini da shi. A raba nauyin: wani masauki, wani kuɗin magani, wani zuwa asibiti. A yanke ko a Legas zai zauna ko gida za a mai da shi, kuma a tuna cewa wanda ya tashi a Agege, abokansa da likitansa da sana'arsa duk suna nan.

Nakasa ba ta rage wa mutum ko kwabo a gado. Wanda ke da hankalinsa a damƙa masa rabonsa. Wanda ba zai iya juya dukiya ba, a naɗa masa amintaccen mai kula, a rubuta, a sa shaidu, a ajiye kwafi wurin limami ko Sarkin Hausawan unguwa.

Babanmu ya yi wannan zaman da mu wata Juma'a bayan la'asar, shekara guda kafin rasuwarsa. Ya sa na zauna kusa da ƙanwata ina fassara mata duk abin da aka faɗa. Da aka zo kan inda za ta zauna, kawunmu ya ce gidansa a Zariya a buɗe yake. Baba ya ce, "A tambaye ta." Ta yi godiya ga Kawu, sannan ta ce ita a nan take da aiki, kuma tana so a rubuta cewa ita za ta riƙa biyan kuɗin wutar ɗakin Inna. Aka rubuta, ta sa hannu a ƙasan na Baba.